Yaƙin Jiragen Falaki da Gawayin Anu Araren

Akwai wani nau'in littafi da Faransawa suka ƙware a kansa, wanda ake ba da hikaya a cikinsa da zane, shafi a rarrabe gida-gida, maganar kowa kuma a rubuce cikin ƴar da'ira kusa da bakinsa. Daga cikin mashahuransa akwai Valérian, wanda Pierre Christin ya tsara labarinsa, Jean-Claude Mézières ya zana, ya fara fitowa a mujallar Pilote a 1967. A irin waɗannan littattafai, idan aka kai inda runduna ta kara da runduna a sararin samaniya, sau da yawa mai zane yakan bar ƙananan gidajen ya shimfiɗa yaƙin bisa shafi biyu cur, jirage sun yi sahu kamar dawakin hawan salla, wuta na tartsatsi tsakaninsu, alhali malaman falaki sun tabbatar babu iskar da za ta ɗauko ƙara a can, saboda haka rugugin da ake rubutawa da manyan haruffa ƙagen mai alƙalami ne.

Abin da masu waɗannan littattafai ba safai suke tambaya ba shi ne inda makamashin jiragen ya fito. Yaron Anu Araren, arewa da Agadas, ba ya jahiltar wannan mas'ala, domin a gabansa kamfanin Sonichar, wanda aka kafa a 1975, yake haƙar gawayin ƙasa, a ƙona shi a tashar lantarki, wutar ta bi dogayen wayoyi zuwa Agadas da Arlit, inda ake fitar da yuraniyom tun 1971, ma'adinin da a baya Faransa ta daɗe tana ɗiba don tashoshinta na nukiliya. Yana ganin baƙar ƙura a wuyan rigar mahaifinsa da almuru, kafin tauraruwar Zara ta bayyana bisa duwatsun Abzin.

Mu Hausawa kuwa ba mu rasa magabaci a fannin hikayar samaniya ba, don Umaru Dembo ya wallafa Tauraruwa Mai Wutsiya a Zariya a 1969, inda aka ɗauki yaro Kilba aka kewaya da shi samaniya. Mai zane ne ya yi mana ƙaranci, kuma ina matuƙar fata wanda zai fara zana mana rundunar falaki da Hausa ya keɓe shafi guda ga leburorin da suka haƙo abin da jiragen ke ƙonawa, ya nuna fuskokinsu, ya sa musu magana a baki.