Shafen da Ake Iya Ci da Tasirinsa Wajen Adana Lemu a Ɗakin Sanyi

Lemu ba ya cikin 'ya'yan itatuwan da kan ci gaba da nuna bayan an tsinke su, kamar ayaba da mangwaro. Daga ranar da ya bar bishiya, zaƙinsa ba ya ƙaruwa. Abin da ya rage wa mai ajiya shi ne rage saurin lalacewarsa. Duk da haka ɗan itacen yana nan da rai, yana shaƙar iskar oksijin, yana fitar da kabon dayoksaid da tururin ruwa ta ƙananan ƙofofin ɓawonsa. Ta wannan hanya ce nauyinsa ke raguwa, ɓawon ya yamushe, sukari da tsaminsa su riƙa ƙonewa, bitamin C kuma ya ragu sannu a hankali.

Sanyi yana rage saurin wannan numfashi, amma yana da iyaka. Lemun zaƙi kan jure ma'aunin Salshiyos 3 zuwa 8, yayin da lemun tsami ke buƙatar wajen 10 zuwa 13. In aka yi ƙasa da haka na tsawon lokaci, sai ɓawon ya fara lotsawa, ya yi tabo ruwan ƙasa, funfuna kore ko shuɗiya ta sami ƙofar shiga. Ga kuma wata matsala: wankin da ake yi wa lemu a wuraren shirya kaya yana kankare wani ɓangare na kakin da aka halicci ɓawon da shi. Shafe, a asalinsa, mayar da wannan kariya ne.

Kayan shafen iri biyu ne a taƙaice. Akwai dangin maiƙo, irin su kakin zuma da kakin kanoba da ake samu daga ganyen wata bishiyar dangin giginya a arewa maso gabashin Brazil. Waɗannan sun fi ƙwarewa wajen tare ruwa. Akwai kuma masu narkewa a ruwa, kamar sitaci da ƙaro da kitosan, wanda ake tacewa daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa, kuma yana da ƙarfin daƙile funfuna. Ƙaron dakwara, wanda Sudan da Chadi da Nijeriya ke kan gaba wajen samar da shi, yana tare iska da kyau, sai dai ba ya riƙe ruwa sosai, don haka akan gauraya shi da maiƙo.

Wahalar aikin tana wajen daidaita kauri da ƙarfin shafen. Idan ya rage shigar oksijin kaɗan, numfashi ya lafa, bitamin C kuma ya daɗe, domin haɗuwarsa da oksijin ce ke lalata shi. Idan kuwa ya toshe ƙofofin fiye da kima, sai ɗan itacen ya koma numfashi ba tare da isasshen oksijin ba, sinadarin etanol da asetaldihaid su taru a cikinsa, ɗanɗanon ya juya kamar na abin da ya fara ruɓa. Shalak, wani danƙo da wani ƙwaro ke fitarwa a Indiya da Tailan, misali ne mai kyau: yana ba lemu ƙyallin da ke jan idon mai saye, amma yana cikin masu toshe iska ƙwarai. Lemun tanjarin ya fi saurin nuna wannan illa, musamman in an fito da shi daga sanyi ya kwana biyu a zafin kasuwa, inda numfashinsa ke ƙaruwa alhali shafen yana nan yadda yake.

Saboda haka ƙyalli ba ma'auni ba ne. Masu bincike sun fi duba raguwar nauyi, da yawan bitamin C, da daidaiton sukari da tsami, da adadin etanol a cikin ruwan lemun, kuma sukan auna su sau biyu: a ranar fitowa daga ɗakin sanyi, da kuma bayan 'yan kwanaki a zafin waje.