Tafkin Madarunfa: Masu Tuƙa Jirgi Su Ne Masu Gadinsa Na Farko

Duk wanda ya san jahar Maraɗi ya san cewa babu wani ruwa a cikinta da ya kai tafkin Madarunfa suna da daraja. Gulbin Gabi ne ke kai masa ruwa a kowace damina, sannan Gulbin Maraɗi kan ƙara masa idan ya cika ya batse. Daga cikinsa masunta ke fito da karfasa da tarwaɗa, a bakinsa makiyaya ke shayar da bisashe, masu lambu kuma ke noman rani. Ga kuma kushewun waliyyai 99 da ke kewaye da shi, waɗanda jama'a ke zuwa ziyararsu daga nesa.

Hukumomi ma sun san darajarsa. A shekarar 2006 Nijar ta saka tafkin, da dajin da ke gefensa, da kushewun waliyyan a jerin wuraren da take son hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihi na duniya. A shekarar 2019 kuma aka shigar da shi cikin yarjejeniyar Ramsar, wadda aka sa wa hannu a ƙasar Iran a 1971 domin kare tafkuna da fadamu. Sai dai mu a nan Gabi mun san cewa takarda ba ta tsare ruwa. Masu tsare shi su ne waɗanda ke kwana su tashi a kansa, wato masu jirage da masunta, kuma ba za su iya ba sai sun haɗu cikin ƙungiya mai ƙarfi.

Wannan darasi ne da mutanen gaɓar teku suka daɗe da ganewa. Akwai wani ɗan siririn kwale-kwale mai cin mutum ɗaya da ake kira kayak, wanda mutanen Inuwit na yankin ƙanƙara suka ƙirƙiro domin farauta, daga baya Turawa suka mayar da shi abin wasa da motsa jiki. Tun a shekarar 1866 wani Bature mai suna John MacGregor ya kafa ƙungiyar masu tuƙa kwale-kwale a Ingila. A yau irin waɗannan ƙungiyoyi sun bazu a garuruwan bakin teku na Turai da Amurka. Suna koya wa sabon shiga yadda zai riƙe filafili, da yadda zai ceci kansa ko ɗan'uwansa idan jirgi ya kife, suna ara masa kayan aiki kafin ya sayi nasa, ba sa kuma barin mutum ya fita shi kaɗai. Da yawansu kan ware ranakun kwashe leda da robobi daga bakin ruwa, su kuma sanar da hukuma idan sun ga mai ya malale ko kifi na mutuwa.

To, mu ba mu da teku, kuma masu jiragenmu abinci suke nema ba wasa ba, amma buƙatar iri ɗaya ce. Ba ma sai mun je Turai ba. A Argungu ta jihar Kebbi, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, Sarkin Ruwa ke da iko da gulbin Matan Fada, kuma ba a yin su a wurin sai lokacin da aka buɗe shi. Wannan hutu da ake ba ruwan shi ke sa kifi ya hayayyafa ya girma. A lokacin bikin ana tseren kwale-kwale da gasar ninƙaya da nutso, inda yara ke koyon sana'ar daga iyayensu. A shekarar 2016 UNESCO ta amince da bikin a matsayin al'adar da ta cancanci a adana.

Me ke barazana ga tafkinmu? Na farko shi ne yashi. Idan aka sare itatuwa a dajin Baban Rafi da bakin gulbi aka kai Maraɗi a matsayin itacen girki, ƙasa ta zama tsirara, ruwan sama sai ya kwashe ta ya zuba a Gulbin Gabi, shi kuma ya kai ta cikin tafki. Kowace shekara zurfin na raguwa, kuma ruwan da ba shi da zurfi shi rana ta fi saurin shanyewa. Na biyu, tun da aka gina madatsar ruwa ta Jibiya a jihar Katsina a ƙarshen shekarun 1980, Gulbin Maraɗi ya daina kawo ruwa kamar da. Na uku shi ne kamun kifi da taru mai ƙananan idanu, har ma da gidan sauro, wanda ke kwashe 'ya'yan kifi tun ba su kai ga yin ƙwai ba. Wanda ke ganin ruwa ba ya ƙarewa, sai ya tuna da tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, amma fari na shekarun 1970 da 1980 ya janye mafi yawansa.

Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ma'aikacin gandun daji yakan zo rangadi ya koma, amma mai jirgi kullum gorarsa na taɓa ƙasan tafkin. Shi ne zai fara sanin inda bara ake nutsewa bana kuma ruwa iya gwiwa, shi ne zai fara lura cewa wani nau'in kifi ya daina shiga koma. Idan shi kaɗai ne, wannan sani a bakin ruwa zai tsaya ya zama hira. Idan kuwa ƙungiya ce mai shugabanni da littafin rubuta abin da aka kama, maganarta za ta isa ofishin magajin gari da na ma'aikatar muhalli.

Su kansu masu jiragen su ne za su fara cin moriya. Ƙungiya na iya yin adashi ta sayi katako da ƙusa ta gyara jiragen da ke yoyo, ta tanadi rigunan kariya daga nutsewa, ta kuma ƙayyade yawan mutane da kayan da jirgi zai ɗauka. Ba mu manta da abin da ya faru a Bagwai ta jihar Kano ba a ƙarshen watan Nuwamba na 2021, inda jirgin da aka cika maƙil ya kife a madatsar Watari, mutum aƙalla 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya. Allah ya jiƙansu. Rigakafi dai ya fi magani.

Don haka muna kira ga sarakunan ruwa da dattawan masunta da su zauna su amince da watannin da za a huta da kamu, da girman idon tarun da aka yarda da shi, kuma hukuncin ya hau kan kowa ba sani ba sabo. Muna kira ga hukumomin gundumomin Gabi da Madarunfa da su mara wa ƙungiyoyin masunta baya da takardun rajista da horo. A riƙa shirya tseren jirage ko da sau ɗaya ne a shekara, domin matasa su so ruwan, su kuma iya shi.

Mu kuma mutanen Gabi da ke saman gulbi, kada mu ce wannan damuwar masunta ce kawai. Yashin da ke cike tafkin ta ƙofar gidanmu yake wucewa. Itacen da muka bari a bakin gulbi, da wanda muka dasa a gefen gona, shi ne gudunmawarmu ga mai jirgin da ke kawo mana kifin miya. Allah ya ba mu ikon riƙe wannan amana.