Daga kakin zuma zuwa kwamfuta: wace manhajar sassaƙa ce ta dace da mai sana'a a Zangon Kumasi?

Tun kafin zuwan kwamfuta, Kumasi gari ne na masu ƙira. A ƙauyen Krofofrom da ke wajen birnin, har yau maƙera na ƙera abu da kakin zuma, su lulluɓe shi da yumɓu da gawayi, su gasa shi kakin ya narke ya fice, sannan narkakkiyar tagulla ta cike gurbinsa. Da wannan dabara aka yi ƙananan duwatsun awon zinariya na Ashanti, waɗanda wani sashe na ma'auninsu ya samo asali daga miskalin fataken Musulmi. Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne matakin farko: ana iya yin ƙirar a kwamfuta, na'urar bugawa ta 3D ta fitar da ita da wani irin ƙaro mai ƙonewa kamar kaki, sauran aikin kuma ya tafi yadda aka gada.

Matashin Aboabo ko Asawase da ke son shiga wannan harka yakan fara da tambayar wace manhaja ce ta fi kyau. Tambayar da ta fi amfani ita ce: me zai fito a ƙarshen aikin, kuma da wane kuɗi za a biya?

Manhajojin iri biyu ne. Akwai na sassaƙa, inda mutum ke fara da dunƙule kamar na yumɓu, yana dannawa, yana ja, yana gogewa da alƙalami a kan allo. Akwai kuma na gini da awo, inda ake shata layi, a ba shi tsawo da kauri, a haɗa shi da wani. A cikin kwamfuta, dunƙulen sassaƙa raga ce ta ƙananan fuskoki masu kusurwa uku ko huɗu. Gwargwadon ƙanƙantar adon da ake so, gwargwadon yawan fuskokin, har su kai miliyoyi, kuma a nan ne ƙaramar kwamfuta ke fara nishi.

A fagen sassaƙa, ZBrush ce uwa ma ba da mama. Kamfanin Pixologic na Amurka ya fara nuna ta a 1999, kuma masu fina-finai da wasannin kwamfuta sun daɗe da dogara da ita. Ƙarfinta shi ne ɗaukar fuskoki miliyoyi masu yawa ba tare da ta tsaya ba, domin ta fi jingina da ƙwaƙwalwar kwamfutar a kan katin hoto mai tsada. Wannan labari ne mai daɗi ga wanda ya sayi kwamfuta ta hannu a Adum. Matsalar tana wajen biya. Bayan kamfanin Maxon na Jamus ya saye ta, aka koma tsarin haya: a biya duk wata ko duk shekara da kuɗin waje, ranar da aka daina biya kuma ƙofa ta rufe. Duk wanda ya ga yadda sidi ya zube a gaban dala a 2022 ya san abin da hakan ke nufi ga mai samun kuɗinsa a sidi. Tsarin maɓallanta ma ba irin na sauran manhajoji ba ne, sabon shiga kan yi makonni yana lalube.

Blender kuwa kyauta ce, kuma tarihinta ne ya sa haka. Ton Roosendaal ɗan ƙasar Holan ne ya ƙirƙire ta. Da kamfaninsa ya durƙushe a 2002, masu amfani da ita suka yi karo-karo na yuro 100,000 cikin makonni bakwai, aka fanso ta, aka sake ta ga kowa a watan Oktoba na wannan shekara. Tana sassaƙa, tana gini, tana motsa hoto, tana tace bidiyo. Da ita aka yi fim ɗin Flow na ƙasar Latviya, wanda ya ci kyautar Oscar a 2025, saboda haka batun cewa kayan kyauta na 'yan koyo ne ya ƙare. Da zarar an sauke ta, ba ta buƙatar intanet, ana iya ɗaukar ta a filashi a raba wa abokai ba tare da an karya wata doka ba. Ga masu karatu a Nijar, Kamaru ko Togo, ana iya juya ta zuwa Faransanci. Rauninta yana bayyana ne idan ado ya yi yawa ƙwarai, inda takan yi nauyi tun kafin ZBrush ta fara jin jiki. Amma mai ƙera abin wuya ko tambarin shago da wuya ya kai wannan iyaka.

Ta uku ita ce Nomad Sculpt, wadda wani Bafaranshe, Stéphane Ginier, ya rubuta domin iPad da wayoyin Android. Sau ɗaya ake biya, kuɗin ba yawa, kuma a garin da ya san ɗauke wutar dumso, abin da ke aiki da batir yana da daraja. Ta dace da fara ƙira, ba ta kai sauran biyun yawan kayan aiki ba.

Sai dai duk ukun nan ba su ne amsar maƙerin zinariya ba, idan zobe zai yi mai dutse a kai. Zobe yana buƙatar awo: faɗin yatsa, kaurin ƙarfe, ramin da dutsen zai zauna, duk a ƙasa da milimita. Raga tana kwaikwayon da'ira ne da gajerun layuka masu yawa. Manhajar Rhino ta kamfanin McNeel da ke Siyatil, wadda ta fito a 1998, tana riƙe lanƙwasar ne da lissafi, don haka da'irarta da'ira ce komai girman da aka ba ta. Shi ya sa masu kayan ado a duniya suka rungume ta, har aka gina MatrixGold a kanta domin maƙera kaɗai. Tana da tsada, ta kusa dala dubu, amma saye ne na dindindin, kuma ɗalibai na samun ragi mai yawa, abin da ya shafi masu karatu a jami'ar KNUST. Ƙwararru da dama kan haɗa biyu: ƙashin zoben a Rhino, furen da ke kansa a ZBrush ko Blender.

Akwai wani batu da ba a cika ji a darussan YouTube ba, amma a Zango sai an yi shi. Yawancin darussan sassaƙa da kan mutum ko dodo suke farawa, iyaye da malamai da yawa kuma ba sa na'am da sassaƙa mai rai. Manhajar ba ta tilasta wannan. Dagin Arewa, zayyanar aska takwas ta babbar riga, adon ƙofar ƙarfe, rubutun Larabci mai tudu a bangon masallaci, ko wani ƙaramin kayan mota da ya ɓace a kasuwa har makanikan Suame Magazine ke nema, duk aikin 3D ne, kuma mafi yawansu sun fi karkata ga gini da awo.

Kowace aka zaɓa, akwai abin da ba a tsallakewa. Sassaƙa da linzamin kwamfuta wahala ce, ana buƙatar allon alƙalami mai jin nauyin hannu, irin na Wacom, Huion ko XP-Pen. Kuma ƙirar da ta yi kyau a allo ba lallai ta bugu ba. Dole ragar ta kasance a rufe ruf babu huda, bangonta da kaurin da ƙarfe zai iya bi, a kuma bar sarari domin tagulla da zinariya na ɗan tsukewa idan sun huce. Blender na da ƙarin kayan aiki mai duba huda da kauri kafin a fitar da fayil ɗin STL da na'urar bugawa ke karantawa. Yawan tsukewar kuwa ya danganta da ƙarfen da kuma yadda ake zuba shi, don haka maƙerin da zai yi zubin ne ya kamata a tambaya kafin a tura fayil ɗin.