Inshorar lafiya ga dattawa: Yadda za ku zaɓa wa iyayenku tsarin da ya dace da inda za ku nemi taimako

Hawan jini da ciwon suga idan suka kama mutum, zama suke yi. Duk gidan da ke da dattijo mai fama da ɗaya daga cikinsu ya san cewa kowane wata akwai kuɗin magani da na gwaji da na ganin likita, tun ma kafin a kai ga maganar kwanciya a asibiti.

A Najeriya, fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan kiwon lafiya daga aljihun jama'a yake fitowa kai tsaye. Wannan nauyi ya fi danne dattawa, domin lokacin da jiki ya fara neman asibiti shi ne lokacin da albashi ya tsaya, ƙarfin noma ko zuwa kasuwa kuma ya ragu. Sai ɗawainiyar ta koma kan 'ya'ya, wani lokaci har a sayar da dabba ko gona saboda jinyar mako biyu.

Inshorar lafiya na iya rage wannan nauyi, amma fa sai an zaɓi wadda ta dace da mai ita. Ga abubuwan da ya kamata ku sani kafin ku biya ko sisi.

Me doka ta tanada?

A watan Mayun 2022 tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ya sanya hannu a dokar da ta kafa Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, wato NHIA. Ita ce ta maye gurbin tsohon shirin NHIS da ya fara aiki a 2005.

Dokar ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan Najeriya. Ta kuma tanadi asusu na musamman domin masu rauni, kuma tsofaffi na cikin rukunin da ta ambata, tare da yara 'yan ƙasa da shekara biyar, mata masu juna biyu, masu buƙata ta musamman da marasa galihu.

Sai dai cikar shekaru kaɗai ba ta sanya sunan mutum a cikin tsarin. Dole sai an yi rajista, kuma ƙofofin shiga sun bambanta.

Katin ɗa ba ya ɗaukar mahaifi

Ma'aikata da yawa na zaton katinsu zai yi wa iyayensu amfani. Tsarin ma'aikata na NHIA ya ƙunshi ma'aikacin ne, da matarsa ko mijinta mutum ɗaya, da 'ya'yan cikinsa huɗu da ba su kai shekara 18 ba. Mahaifi da mahaifiya ba sa ciki, sai dai a yi musu rajista a matsayin ƙarin waɗanda ake ɗaukar nauyi, a kuma biya musu kuɗi daban.

Akwai kuma batun ritaya. Galibin ma'aikatan gwamnati na ajiye aiki ne idan sun cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki. Tun da daga albashi ake cire kuɗin inshorar, da yawa kan tarar katinsu ya daina aiki bayan sun yi ritaya. Don haka wanda ritayarsa ta matso ya kamata ya je ofishin hukumar tun da sauran watanni, ya tambayi ranar da katinsa zai tsaya da kuma tsarin da zai koma.

Tsofaffin sojoji na da nasu tsarin a ƙarƙashin kamfanin DHML, wanda ke kula da lafiyar sojoji har da waɗanda suka yi ritaya.

Ƙofofi huɗu da dattijo zai iya shiga

Ƙofa ta farko ita ce asusun kula da lafiya a matakin farko, BHCPF, wanda dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa. Dokar ta ce a riƙa zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kuma kusan rabin kuɗin na bi ne ta hannun NHIA zuwa hukumomin jihohi domin biya wa masu rauni. Wanda ya samu shiga ba ya biyan kuɗin shekara, kuma a asibitin matakin farko na mazaɓarsa ake duba shi. Matsalar ita ce gurabe ba su da yawa, kuma marasa ƙarfi ake fara dubawa.

Ta biyu ita ce hukumar jiha. Kano na da KSCHMA, Kaduna na da KADCHMA, Jigawa na da JICHMA, Sakkwato na da SOCHEMA, Zamfara na da ZAMCHEMA, Kebbi na da KECHEMA, Filato na da PLASCHEMA, Gombe kuma na da GoHealth. A jihohin Arewa da dama an fi kiran tsarin da taimakekeniya, domin ma'anarsa ita ce jama'a su zuba kuɗi a asusu ɗaya, wanda ciwo ya kama a yi masa magani daga ciki. Waɗannan hukumomi kan buɗe ƙofa ga masu zaman kansu, irin su manoma da 'yan kasuwa, su riƙa biya duk shekara. Kuɗin yawanci da sauƙi, amma katin ya fi amfani a cikin jihar da ta bayar da shi.

Ta uku ita ce GIFSHIP, shirin da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2020 domin waɗanda ba sa cikin tsarin ma'aikata. Mutum ɗaya na iya shiga, iyali na iya shiga, ƙungiya ma haka, kuma ɗa na iya biya wa iyayensa. Farashinsa ya sauya fiye da sau ɗaya tun da aka fara shi, saboda haka a tambayi na yanzu a ofishin NHIA na jiha.

Ta huɗu ita ce kamfanoni masu zaman kansu da ake kira HMO. Suna ba da damar zuwa manyan asibitocin kuɗi, kuma layi kan yi sauƙi. Amma da yawa daga cikinsu na ƙayyade shekarun shiga tsarinsu na gama-gari, galibi 60 ko 65, sannan su ware wa dattawa wani tsari mai tsada. Kowane tsari kuma na da iyakar kuɗin da kamfani zai kashe wa mutum a shekara. Idan an kai iyakar, sauran ya koma kan iyali.

Tambayoyin da za ku yi kafin ku biya

Kafin ku fita, ku zauna da dattijon ku rubuta cututtukan da yake da su, sunayen magungunan da yake sha kullum, da abin da kuka kashe a kan lafiyarsa cikin shekarar da ta wuce. Da wannan takarda za ku auna kowane tsari. Sannan ku yi waɗannan tambayoyi.

Shin tsarin na karɓar ciwon da mutum ya shigo da shi? Wannan ita ce tambaya mafi muhimmanci ga dattijo. Wasu kamfanoni ba sa biyan kuɗin ciwon da aka riga aka gano kafin rajista, wasu kuma sai bayan an yi watanni. Inshorar da ba ta ɗauki hawan jinin Baba ba, alhali shi ne ke kai shi asibiti, amfaninta kaɗan ne.

Yaushe katin zai fara aiki? Kusan kowane tsari na da lokacin jira tsakanin ranar biya da ranar fara ganin likita, kuma na tiyata kan fi tsawo. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka a yi rajista tun dattijo na kan ƙafarsa.

Maganin da yake sha na cikin jerin da ake bayarwa? Tsarin gwamnati na aiki ne da jerin magunguna da aka amince da su, kuma yawanci da sunan sinadarin maganin ake bayarwa, ko da kwalin ya bambanta da wanda aka saba saye. A tsarin ma'aikata na NHIA mara lafiya na biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani, wato idan maganin na naira 20,000 ne, shi zai biya naira 2,000. Ku tambaya ko haka abin yake a tsarin da kuke so, kuma me ake yi idan aka ce magani ya ƙare a asibiti.

Waɗanne ayyuka ne ba a biya gaba ɗaya? A tsarin NHIA, manyan hotuna irin su CT da MRI wani kaso ne kawai ake biya, wankin ƙoda kuma an ƙayyade adadinsa, haka ma kwanakin kwanciya a shekara. Ku tambaya dalla-dalla game da aikin yanar ido, tabarau, haƙori, gashin ƙashi bayan shanyewar ɓarin jiki, da matsalar fitsari da ke damun dattawa maza. Ku nemi a ba ku amsar a rubuce.

Wane asibiti za a zaɓa? A lokacin rajista ana zaɓar asibiti ɗaya ne da zai zama na farko, kuma can za a fara zuwa kowane lokaci. Idan ciwon ya fi ƙarfinsu, su ne za su tura mara lafiya babban asibiti, bayan an samu lambar amincewa daga kamfani ko hukumar da ke biya. Wanda ya tsallake wannan mataki ya tafi babban asibiti da kansa, ba tare da larurar gaggawa ba, yana iya biya daga aljihunsa.

Saboda haka kusanci ya fi suna muhimmanci. Tsohuwar da ke fama da ciwon gwiwa ba za ta jure hawa mota biyu duk wata don karɓar magani ba. Ku je asibitin da kanku tukuna, ku ga ko akwai likita kullum, ko suna gwajin suga da na jini a nan, ku kuma ji daga bakin masu kati da ke kan layi yadda ake karɓarsu.

Inda za ku nemi taimako kusa da gida

Wuri na farko shi ne asibitin matakin farko na mazaɓarku. Shugaban asibitin ya san ko ana rajistar BHCPF a wurin da kuma lokacin da ake buɗewa. Akwai kuma kwamitin raya mazaɓa da ke aiki tare da asibitin, sannan mai unguwa da dagaci kan samu labari idan za a ɗauki sunayen marasa galihu.

Na biyu shi ne ofishin hukumar taimakekeniya ta jiha da ofishin NHIA, wanda ke da reshe a kowace jiha. Zuwa yin tambaya kyauta ne. A tafi da lambar NIN ta dattijon, domin ana neman ta wajen rajista, da lambar wayar da ke aiki. Idan sunan da ke katin NIN ya saɓa da na sauran takardunsa, a gyara tun da wuri.

Na uku, manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato na da sashen masu inshora, da kuma sashen jin daɗin jama'a da ke duba lamarin marasa lafiyar da suka kasa biya.

'Yan fansho kuma su tuntuɓi reshen ƙungiyarsu ta 'yan fansho, domin shiga a ƙungiyance kan fi sauƙi a kan shiga ɗaiɗai. Haka ƙungiyoyin kasuwa da na unguwa za su iya haɗa dattawansu su yi musu rajista tare.

Ga masu karatu da ke Ghana, tsarin NHIS na can ya yafe wa duk wanda ya kai shekara 70 kuɗin shekara, sai ɗan kuɗin rajista, kuma ana sabunta kati ta waya da lambar *929#.

Idan aka samu matsala

Ƙorafin da aka fi ji daga masu kati shi ne jinkirin lambar amincewa da kuma cewa babu magani. A 2025 NHIA ta umarci kamfanonin HMO da su riƙa bayar da lambar cikin awa ɗaya bayan asibiti ya nema. Idan aka wuce haka, a fara da jami'in inshora na asibitin, sannan kamfanin, sannan ofishin NHIA ko hukumar jiha. A rubuta rana da lokaci da sunan sashen, a kuma adana duk wani rasit.

A yi hattara da masu yawo gida-gida suna karɓar kuɗi da sunan za su sa dattijo cikin shirin gwamnati na kyauta. Shirin masu rauni ba a sayar da gurbinsa. Wanda ake biya kuma, a asusun hukuma ake zuba kuɗinsa, a karɓi shaidar biya.

Sai batun wanda zai riƙa biya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma abin da 'yan'uwa ke tarawa cikin gaggawa ranar da aka kwantar da Inna sau da yawa ya fi kuɗin inshorar shekara guda. Gara a raba kuɗin tun farko, a wakilta mutum ɗaya ya riƙe katin da takardu, ya kuma sa ranar sabuntawa a wayarsa. Katin da wa'adinsa ya ƙare ba ya aiki a asibiti, kuma a wasu tsare-tsaren sai an sake zaman jira kafin ya dawo aiki.