Wa Zai Yi Wa Birnin Zariya Shela Idan Waya Ta Ɗauke?

A da, idan wani abu ya taso a birnin Zariya, magana kan fito daga fada ta sauka wurin masu unguwanni, sannan mai shela ya bi lungu-lungu, tun daga Ƙofar Doka har Ƙofar Gayan, yana sanar da jama'a. Yau wayar salula ta karɓe wannan aiki, mu kuma mun saki jiki da ita fiye da kima. Ai a watan Satumba na 2021, aka katse layukan waya a Zamfara saboda 'yan bindiga, kafin wata ya ƙare abin ya iso wasu sassan jihar Kaduna. Mutum na da ɗan'uwa a ƙauye amma ba halin jin lafiyarsa. Rediyo ce kaɗai ba ta yi shiru ba.

Sai dai ita ma rediyo tana buƙatar inda za ta samo saƙon. A nan tauraron ɗan'adam ke shigowa. Hukuma kamar NiMet mai hasashen yanayi, ko NEMA mai agajin gaggawa, za ta harba gargaɗi sama zuwa tauraron da ke tsaye kimanin kilomita 36,000 daga ƙasa, shi kuma ya watso shi ƙasa baki ɗaya. Ƙaramar tasha mai faranti irin na gidan kallon ƙwallo sai ta cafke, ta mai da shi Hausa, ta sake shi ta zangon FM. Ba ruwan wannan hanya da turken waya ko igiyar da aka binne. Tana da nata rauni, gaskiya: duk mai kallon ƙwallo ya san yadda hoto ke ɗaukewa idan hadari ya haɗu. Shi ya sa gargaɗin ambaliya dole ya riga ruwan isowa.

Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu gwadawa. A 1999 aka buɗe rediyon karkara a Bankilare, aka haɗa ta da shirin RANET, wanda cibiyar yanayi ta ACMAD da ke Yamai ke cikin jagororinsa. A lokacin, ta tauraron WorldSpace bayanin damina ke sauka, tashar na aiki da hasken rana, makiyaya suna saurare da rediyon da ake wanawa da hannu. Kamfanin WorldSpace ya karye a 2008, abin da ke nuna haɗarin jingina da tauraron wani. Mu kuwa muna da namu: NigComSat-1 da aka harba a 2007 ya lalace shekara ɗaya da rabi bayan nan, aka maye gurbinsa da NigComSat-1R a Disamban 2011.

Tashoshi ma ba mu rasa ba. Akwai Queen FM, akwai ta Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, kuma tun 2015 gwamnatin tarayya ta fara ba da lasisin rediyon al'umma, guda 17 a karon farko. A ganina abin da ya rage ba na'ura ba ne. Wa zai faɗi saƙon, da wane harshe? Gargaɗin da ya zo da turancin ofis, tsohuwar da ke zaune cikin gidan ƙasa mai tsattsagen bango a Unguwar Juma ba za ta tashi dominsa ba. Amma idan muryar da ta sani ce ta ce mata ruwan daren nan mai ƙarfi ne, a kwashe yara daga ɗakin da ke yoyo, za ta ji.

Muna kira ga ƙaramar hukumar Zariya da masarautar Zazzau su zauna da tashoshin nan, a sama musu faranti da wutar sola, a kuma ajiye ƙa'idar katse kowane shiri idan gargaɗi ya sauka. Kai kuma mai karatu, kafin damina ta kankama, duba ƙaramar rediyonka ka saya mata batir.