Auna Ci Gaban Ɗalibai Masu Buƙata ta Musamman a Makarantun Ƙasar Gumel

Gabatarwa

A ƙarshen kowane zangon karatu, tambayar da iyaye suka saba yi wa yaro idan ya kawo takardar sakamako ita ce, "Na nawa ka zo?" Wannan tambaya tana jera yara ne a sahu guda, daga na ɗaya har zuwa na ƙarshe. To, amma akwai yaran da irin wannan awo ba ya faɗin gaskiyar abin da suka koya, watau makafi, da kurame, da guragu, da waɗanda fahimtarsu ke tafiya sannu-sannu. Su ne a yau ake kira masu buƙata ta musamman. Wannan maƙala za ta duba yadda ya kamata a auna ci gabansu a makarantun ƙasar Gumel, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel, da Maigatari, da Gagarawa, da Sule Tankarkar a arewacin Jihar Jigawa.

Dalilin da batun ya shafi ƙasar Gumel

Ilmin irin waɗannan yara ba sabon abu ba ne a Nijeriya. An buɗe makarantar makafi ta Gindiri tun 1953, sa'an nan Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta keɓe wa batun sashe guda, ta kuma shigo da tsarin gwajin yau da kullum maimakon dogaro ga jarrabawa ɗaya tak. A Jihar Jigawa akwai makarantar kurame a Haɗeja da ta makafi a Dutse. Sai dai yaron da iyayensa ba su sami halin kai shi can ba, ko dai ya zauna a gida, ko kuwa ya shiga firamaren garinsu, inda malaminsa bai sami horo a wannan fanni ba.

Bugu da ƙari, ƙasar Gumel tana cikin yankin da cutar sanƙarau ke yawan ɓulla a lokacin zafi. A annobar da aka yi daga ƙarshen 2022 zuwa 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda aka yi zaton sun kamu a Nijeriya 'yan Jigawa ne, kuma Maigatari da Sule Tankarkar su ne suka fi jin jiki. Sanƙarau kuwa yakan bar wasu daga cikin waɗanda suka warke da kurumta. Ke nan yaro yana iya komowa aji bayan jinya da ƙafafunsa, garau a ido, alhali kunnensa ya tafi. Idan makinsa ya faɗi, aka rubuta masa "daƙiƙi" a zuci ko a takarda, to an auna kunnensa ne, ba a auna basirarsa ba.

Inda jarrabawar aji ke kuskure

Kowace jarrabawa tana da abu biyu: abin da ake son a sani, da kuma ƙofar da amsa za ta bi ta fito. A makarantun boko ƙofar guda ce, watau malami ya rubuta tambaya a babban allo, yaro ya karanta da ido, ya amsa da biro cikin ƙayyadadden lokaci. Makaho yana iya sanin lissafin sarai, amma bai ga tambayar ba. Wanda shan inna ta taɓa wa hannu ya san amsar, amma kafin ya rubuta rabi an karɓe takarda.

Matsalar kurma ta fi waɗannan zurfi, domin matsala ce ta harshe. Kuraman ƙasar Hausa suna da harshensu da ake kira maganar hannu, wanda wata Bajamushiya mai nazarin harsuna, Constanze Schmaling, ta yi bincike a kansa a Kano, ta fitar da littafi a 2000. Makarantun kurame kuwa sun fi amfani da alamun da suka samo asali daga Amurka, waɗanda Andrew Foster ya yaɗa bayan ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Jarrabawa kuma da rubutaccen Turanci take zuwa. Saboda haka yaro kurma daga ƙauyen Gagarawa yana fama da harsuna uku kafin ya kai ga tambayar kanta. Kusa da wannan akwai ɗan Fulani da ya tashi da Fulatanci a ruga, wanda shirunsa a aji na rashin jin Hausa ne ko Turanci, amma a ɗauke shi mai raunin fahimta.

Darasi daga makarantar allo

Abin sha'awa shi ne, hanyar da ta dace ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. A makarantar allo babu na ɗaya, babu na ƙarshe. Kowane almajiri da allonsa, kuma kowa da inda ya tsaya. Yaro yakan fara da babbaƙu, ya wuce farfaru, sa'an nan ya shiga haɗa baƙi. Malam yakan kira shi shi kaɗai ya biya, kuma ba ya wanke allo sai karatun ya zauna. Wani ya sauke da wuri, wani ya daɗe, amma ba a cewa wanda ya daɗe ya faɗi, domin sannu ba ta hana zuwa. Ta wannan hanya ce makafi da dama suka haddace izu 60 da kunne kawai, aka kuma tabbatar da haddarsu da kunne. A taƙaice, malamin allo yana gwada yaro ne da jiyansa, ba da na kusa da shi ba.

Wannan shi ne ginshiƙin da masana ilmin zamani suka tsaya a kai. A Amurka, dokar 1975 ta wajabta a rubuta wa kowane yaro mai nakasa tsarin karatu nasa na kansa. A Ingila kuwa, rahoton Warnock na 1978 ya nemi a daina kallon sunan nakasar, a dubi buƙatar yaron.

Matakan awo

Mataki na farko shi ne sanin inda yaro ya tsaya. Malami yana iya tsayawa a bayan yaro ya kira sunansa a hankali, ko ya sa shi ya karanta baƙaƙe daga ƙarshen aji. Wannan ba aikin likita ba ne, ishara ce kawai ta a kai yaro asibiti, musamman wanda ya tashi daga sanƙarau ko ƙyanda.

Na biyu, a yanka wa yaro ɗan buri wanda ido zai iya gani. "Ya ƙara ƙoƙari" ba buri ba ne. Amma idan aka ce, kafin ƙarshen zango zai ƙirga daga 1 zuwa 20 da tsakuwa, ko zai rubuta sunansa ba tare da an kama masa hannu ba, to kowa yana iya shaida ko an kai ko ba a kai ba.

Na uku, a sauya ƙofa, kada a sauya tambaya. A karanta wa makaho ya amsa da baki, ko da rubutun makafi mai ɗigo shida wanda Louis Braille ya ƙirƙiro a Faransa. A yi wa kurma tambaya da hannu, ya amsa da hannu ko ya nuna a aikace. A ƙara wa mai raunin hannu lokaci. Ko hukumar JAMB, tun daga 2017, ta kafa kwamiti na musamman da ke shirya wa makafi jarrabawar shiga jami'a ta hanyar da za su iya amsawa. A nan akwai gargaɗi: ba wa yaro makin da bai ci ba saboda tausayi shi ma zalunci ne, domin yana ɓoye gurbin da ya kamata a cike.

Na huɗu, a ajiye littafi. Malami ya riƙa rubuta kwanan wata da abin da yaro ya iya a ranar, ya adana rubutunsa na farkon zango da na ƙarshe. Idan yaro ya wuce aji, littafin ya bi shi.

Na biyar, a tambayi iyaye. Uwa ta san ko yaro ya fara kawo canji daidai idan an aike shi, uba ya san ko ya iya ƙirga awaki a kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Wannan ma sakamako ne.

Kammalawa

Dokar hana wariya ga masu nakasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin ilmi kyauta har zuwa sakandare. Amma zama a aji daban, koyo daban, kuma ba mai iya bambanta su sai da awo na gaskiya. Lalle cunkoson aji yana wahalar da malami, sai dai galibin matakan da aka zayyana ba su buƙatar kuɗi, illa littafi guda da haƙuri. Tun da Kwalejin Ilmi ta Jiha tana cikin garin Gumel, a can ne ya fi dacewa a fara cusa wa malaman gobe wannan hanya, domin kowane malamin firamare, ko ba daɗe ko ba jima, zai tarar da irin waɗannan yara a gabansa.