Kududdufin da ke wanke ruwan kwata: dabarar da za ta dace da bakin Tafkin Kainji

Daga Shanga zuwa Yauri har Ngaski, ruwan wanka da na wanke-wanke da na turara shinkafa kwata yake bi, ya gangara Kogin Neja, ya ƙare a Tafkin Kainji, wanda ya samu bayan kammala madatsar ruwan a 1968. A tafkin nan ake kamun kifin da ake kaiwa kasuwar Yauri, a nan kuma ƙauyukan gaɓa da dama ke ɗibar ruwan sha.

Wani ɓangare na dattin ba ya isa tafkin, domin fadamar da ke cike da burgu da jema tana tace shi. Wannan aiki na fadama shi masana suka kwaikwaya. Wata masaniyar tsirrai Bajamushiya, Käthe Seidel, ta fara gwajinsa a shekarun 1950. Ana haƙa rami mai faɗi, a dalaye ƙasansa da yumɓu ko leda, a zuba tsakuwa mai zurfin kusan santimita 60, a dasa ciyawar ruwa irin kacala, sannan a riƙa sakin ruwan kwata yana ratsawa a hankali na tsawon kwanaki.

Ciyawar ake gani, amma mafi yawan aikin na ƙwayoyin bakteriya ne, waɗanda ke manne a jikin saiwa da tsakuwa kamar yauƙi. Karan kacala yana da ƙofofi a ciki, ta nan iskar oksijin ke sauka zuwa saiwa. Ƙwayoyin da ke zaune kusa da saiwar, irin su Nitrosomonas da Nitrobacter, suna juya sinadarin amoniya, mai zarnin nan na fitsari, ya koma naitiret. Can cikin laka inda iska ba ta kaiwa, wasu ƙwayoyin daban su karɓa, su mayar da shi iskar naitirojin ta tashi sama. Kowane rukuni da abin da wani ya bari yake rayuwa. Zafi yana ƙara musu kuzari, don haka yanayin Kebbi ya fi na Jamus dacewa da su. Ba a bukatar lantarki, ba a sayen magani.

A birnin Kolkata na Indiya, fadamu masu faɗin hekta 12,500 ne ke tace ruwan dattin gari, ana kuma kiwon kifi a ciki.

Sai dai a bakin Kainji dole ruwan ya bi ta ƙarƙashin tsakuwa. Idan ya kwanta a fili, an yi wa sauro da dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya gida. Kacala ma sai an tsare ta ana yanka, domin manoman Hadeja da Nguru sun ga yadda take toshe hanyoyin ruwa.

Babban abin tsoro shi ne zaiba, wadda masu haƙar zinariya ke amfani da ita wajen ware zinariya, kuma ƙasar Yauri ta yi suna a wannan sana'a. Wasu ƙwayoyin cikin laka suna juya zaiba ta koma nau'in da ya fi guba, mai taruwa a jikin kifi ya illata ƙwaƙwalwar jarirai. Ruwan wankin zinariya bai kamata ya shiga irin wannan kududdufi ba ko kaɗan.